Aikin Lauyan Gwamnati a Hukumar Sa Ido kan Cibiyoyin Kiwon Lafiya: Misali daga Jihar Filorida ta Amurka

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci lauyan gwamnati, abin da yakan fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne mai gabatar da ƙara, wato wanda ke tsayawa gaban alƙali yana neman a hukunta ɓarawo ko mai kisan kai. Wannan kuwa reshe ɗaya ne kawai na aikin. Akwai waɗansu lauyoyin gwamnati da ba safai ake ganin su a kotun manyan laifuffuka ba, amma takardar da suka rubuta ita ce za ta nuna ko asibiti zai karɓi marasa lafiya gobe ko kuwa za a garƙame ƙofarsa. Su ne lauyoyin da ke wakiltar hukumomin jiha masu ba da lasisi da sa ido kan cibiyoyin kiwon lafiya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda wannan aiki yake gudana, da irin sarƙaƙiyar da ke tattare da shi. An ɗauki Jihar Filorida ta ƙasar Amurka a matsayin misali, saboda kimanin kashi ɗaya cikin biyar na mazaunanta tsofaffi ne da suka kai shekara 65 ko suka haura, sa'annan kuma a shekarar 2017 an yi wani al'amari a can wanda ya fito da kusan dukkan matakan aikin a fili. Abin da ake nufi da cibiyar kiwon lafiya a nan ya haɗa da asibiti da wurin yin tiyata ta yini guda da gidan jinyar tsofaffi. Shi wannan na ƙarshe gida ne da tsofaffi da naƙasassu ke zama dindindin a ƙarƙashin kulawar nas-nas dare da rana. Ga Bahaushe, wanda ya saba ganin ana jinyar tsoho a tsakiyar 'ya'yansa da jikokinsa, irin wannan gida baƙon abu ne. Amma a Amurka shi ne wurin da rigingimun lasisi suka fi zafi, domin mazaunansa da yawa ba sa iya kai kukansu da bakinsu.

2.0 Tushen Ikon Hukumar

A tsarin mulkin Amurka, kare lafiyar jama'a yana cikin ikon da aka bar wa jihohi. Saboda haka jiha ce ke ba asibiti lasisi, ita ce kuma ke iya karɓe shi. Gwamnatin tarayya ta shigo ne ta hanyar kuɗi. A shekarar 1965 aka kafa shirye-shiryen Medicare da Medicaid, na farko domin biyan kuɗin jinyar tsofaffi, na biyu domin masu ƙaramin ƙarfi, kuma duk cibiyar da ke son a biya ta daga waɗannan asusai dole ta cika sharuɗɗan tarayya. Maimakon gwamnatin tarayya ta ɗauki rundunar masu duba cibiyoyi ta kanta, sai ta ƙulla yarjejeniya da jihohi su yi mata aikin. Ke nan jami'in da ya shiga gidan jinya da littafinsa, kamar yadda duba-gari yake shiga gida, dokoki iri biyu yake aunawa a ziyara ɗaya, na jiha da na tarayya.

Da farko wannan dubawa ta fi karkata ga takardu da gini: akwai littafin ƙa'idoji, akwai ƙofar gudun gobara, adadin gadaje ya yi daidai. A shekarar 1975 waɗansu mazauna gidajen jinya a Jihar Kolorado suka kai ƙara, a 1984 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa wajibin gwamnati ne ta tabbatar da irin kulawar da majinyaci ke samu a zahiri. Bayan wani rahoto na masana da ya fito a 1986, majalisar dokokin tarayya ta yi dokar gyaran gidajen jinya ta 1987. Dokar ta ce a riƙa ziyartar kowane gida ba tare da sanarwa ba, kada tazarar ziyara biyu ta wuce wata 15, kuma matsakaicin tazarar a faɗin jiha kada ya wuce wata 12. Har ila yau ta samar da hukunce-hukunce hawa-hawa, kamar tara da hana biyan kuɗin sababbin majinyata da naɗa manajan riƙo. Yawaitar matakan hukunci ya yawaita abin jayayya, domin ko bayan an amince akwai laifi, sauran gardama kan wane mataki ne ya dace da shi.

A Filorida, hukumar da ke ɗauke da wannan nauyi ita ce Hukumar Gudanar da Harkokin Kiwon Lafiya, wadda aka fi sani da AHCA. An kafa ta a 1992, hedkwatarta tana Talahasi, babban birnin jihar.

3.0 Wa Lauyan Yake Wakilta?

Jihohin Amurka sun bambanta wajen tsara wannan aiki. A waɗansu, kamar Karolina ta Arewa, ofishin Antoni-Janar ne ke ware lauyoyinsa su tsaya wa hukumar. A waɗansu kuwa, kamar Filorida, hukumar tana da ofishin lauyoyinta na cikin gida. Lauyan da ke ƙarƙashin Antoni-Janar ya fi samun damar ce wa shugaban hukuma a'a, domin ba shi ne ke yi masa ƙarin girma ba. Na cikin gida kuma ya fi sanin aikin likitanci da halin jami'an dubawa, amma kusancin nan yakan sa ya yi nauyin baki.

Ko ma wane tsari aka bi, ƙa'idojin aikin lauya sun nuna cewa wanda ake wakilta shi ne hukumar ita kanta. Ba shugabanta ba ne a ƙashin kansa, ba jami'in da ya rubuta rahoto ba ne, ba kuma majinyacin da aka cutar ba ne. Wannan batu na ƙarshe shi ne ya fi yi wa jama'a wuyar haɗiya. Ɗiyar tsohuwar da ta mutu da gyambon kwanciya takan zo wurin lauyan hukuma tana ganin ta sami mai ƙwato mata haƙƙi, sai ya zama dole ya gaya mata cewa ita shaida ce a wurinsa, tarar da za a ci kuma asusun gwamnati za ta shiga. In tana neman diyya, sai ta ɗauki nata lauyan ta tafi kotun farar hula.

Akwai kuma wata matsala da ta samo asali daga yanayin hukumar. Ita ce ke bincike, ita ce ke tuhuma, ita ce kuma ke sa hannu a hukuncin ƙarshe. A shari'ar Withrow ta 1975, wadda ta shafi hukumar ladabtar da likitoci ta Jihar Wiskonsin, Kotun Ƙolin Amurka ta ce haɗuwar bincike da hukunci a hukuma ɗaya shi kaɗai bai isa ya zama tauye haƙƙi ba. Waɗansu kotunan jihohi sun fi haka tsanantawa. Kotun Ƙolin Filorida, a shari'ar kamfanin Cherry ta 1995, ta ƙi yarda lauya ɗaya ya gabatar da tuhuma sa'annan ya koma gefe yana ba masu yanke hukunci shawara. Don haka akan raba ofishi gida biyu, masu tuhuma daban, masu ba shugaba shawara daban, ba sa tattauna shari'ar da ke gudana ko da ɗakunansu na jere. Mai karatu a Nijeriya zai tuna da shari'ar Gani Fawehinmi da kwamitin ladabtar da lauyoyi ta 1985, inda Kotun Ƙoli ta hana Antoni-Janar na Tarayya zama mai tuhuma kuma shugaban kwamitin da zai saurari tuhumar.

4.0 Daga Rahoton Dubawa zuwa Hukunci

Mafarin kowace shari'a shi ne rahoton jami'an dubawa, waɗanda akasarinsu nas-nas ne da masana abinci da masana tsaron gini. Dokar Filorida ta kasa laifuffuka aji huɗu. Aji na ɗaya shi ne wanda ya jawo, ko yake iya jawo, mutuwa ko mummunan rauni, na huɗu kuwa ɗan kuskure ne da bai taɓa lafiyar kowa ba. Rahoton yakan isa teburin lauya kafin a fitar da takardar tuhuma, kuma a nan ne ake yin aikin da jama'a ba sa gani. Lauya zai ɗauki kowace jimla ya tambaya: wa ya ga wannan da idonsa? Da ƙarfe nawa? Wane sashe na doka aka saɓa? Nas takan rubuta cewa ba a kula da majinyaci yadda ya kamata ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Amma alƙali ba zai karɓi wannan jimla ba sai an nuna masa umurnin likita na a riƙa juya majinyacin bayan kowace awa biyu, da takardar aiki da ta nuna an kwana ba a juya shi ba, da hoton gyambon, da likitan da zai rantse cewa rashin juyawar ne ya haddasa shi.

Idan aka miƙa wa cibiya takardar tuhuma, tana da kwana 21 ta nemi a saurare ta. In ta musanta abin da aka ce ya faru, sai a tura maganar zuwa Sashen Sauraron Ƙararrakin Mulki, wanda dokar 1974 ta kafa, kuma alƙalansa ba ma'aikatan hukumar da ke tuhuma ba ne. A gaban wannan alƙali ana kiran shaidu, ana yi musu tambayoyin ƙure, kamar dai a kotu, sai dai babu masu taya alƙali yanke hukunci. Abin da alƙalin zai fitar shawarar hukunci ce, wadda za ta koma wa hukumar domin ta fitar da hukuncin ƙarshe. Sai dai doka ta ɗaure hannun hukumar: ba ta da ikon sauya abin da alƙali ya tabbatar ya faru, sai in ta karanta dukkan bayanan zaman ta nuna cewa babu wata hujja mai ƙwari da ta goyi bayansa. Saboda haka shaidar da lauya ya yi sakaci bai gabatar a wannan zama ba, ta tafi ke nan. Wanda bai gamsu da hukuncin ƙarshe ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara.

Shari'o'i da yawa ba sa kaiwa wannan matsayi, sulhu ake yi. Cibiya ta amince ta biya wani ɓangare na tara, ta ɗauki ƙarin ma'aikata, ta karɓi mai sa ido na wani lokaci. Akwai masu kallon sulhu a matsayin sassauci ga masu kuɗi, kuma wani lokaci hakan ne. Amma shari'ar da za ta ci shekara guda ba ta ƙara wa gida nas ko ɗaya a cikin shekarar, alhali yarjejeniyar da aka rubuta da kyau tana iya kawo nas ɗin a mako mai zuwa.

4.1 Nauyin Hujja

Dokar Amurka ta san ma'auni uku na hujja. Mafi sauƙi shi ne rinjayen hujja, wanda ake amfani da shi a ƙararrakin farar hula. Mafi nauyi shi ne hujjar da ba ta bar wani kokwanto mai ma'ana ba, wadda ake buƙata kafin a ɗaure mutum. A tsakaninsu akwai hujja bayyananniya mai gamsarwa. Kotun Ƙolin Filorida ta yanke a shari'ar Ferris ta 1987 cewa wannan na tsakiya ake buƙata kafin a soke lasisin sana'a, a 1996 kuma ta faɗaɗa shi zuwa ga cin tara. Dalilinta shi ne karɓe lasisi hukunci ne da ke raba mutum da hanyar abincinsa. Amma wanda ya zo neman sabon lasisi, nauyin nuna cancanta a kansa yake. Wato hana mutum shiga ya fi fitar da shi sauƙi, kuma wannan ne ya sa lauya mai hangen nesa yake tsananta bincike tun a lokacin neman lasisi ko sauya mai gida.

4.2 Umurnin Gaggawa

Duk abin da aka bayyana a sama yana ɗaukar watanni. To, idan jinkirin kwana ɗaya zai iya cin rai fa? Doka ta ba hukumar ikon dakatar da lasisi nan take, kafin a saurari kowa, muddin ta ga haɗari babba kuma na yanzu-yanzu ga lafiyar jama'a. Amma an gindaya sharuɗɗa: a zayyana takamaiman abubuwan da suka faru a cikin takardar umurnin, kada matakin ya wuce abin da ake buƙata domin kawar da haɗarin, a kuma gaggauta buɗe shari'a ta sosai. Kotun ɗaukaka ƙara takardar kawai take dubawa, ba ta karɓar ƙarin bayani daga baya. Ke nan lauya yakan rubuta ta cikin 'yan awoyi, da bayanan da ke zuwa ta wayar tarho gutsure-gutsure, yana sane da cewa kowace kalma za a auna ta watanni bayan ƙura ta lafa. In ya yi gaggawa da raunin hujja, kotu ta rushe umurnin, cibiya ta buɗe tana taƙama. In ya tsaya jiran hujja ta cika, wani ya mutu.

5.0 Al'amarin Hollywood Hills

Ranar 10 ga Satumba, 2017, mahaukaciyar guguwa mai suna Irma ta afka wa Filorida. A garin Hollywood da ke gundumar Broward akwai wani gidan jinya mai gado 152 da ake kira Hollywood Hills. Wutar lantarkin gidan ba ta ɗauke gaba ɗaya ba, amma taransifomar da ke ba babbar na'urar sanyaya ginin wuta ta daina aiki. Ma'aikata suka kawo fankoki da ƙananan na'urorin sanyi na tafi-da-gidanka. Aka yi kwana uku a haka cikin zafin ƙarshen bazara. Da asubahin 13 ga Satumba mazauna gidan suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ma'aikatan wani babban asibiti da ke tsallaken titi suka shigo aka kwashe kowa. Mutum takwas suka rasu a wannan rana, waɗansu suka biyo baya, daga ƙarshe likitan binciken gawa na gundumar ya danganta mutuwar mutum 12 da zafin da suka sha. Zafin jikin waɗansu daga cikinsu ya haura digiri 42 a ma'aunin Salshiyas.

Yadda lauyoyin hukumar suka jera matakansu abin lura ne. Ranar 13 ga wata aka hana gidan karɓar sababbin majinyata. Washegari aka dakatar da shi daga shirin Medicaid. Sai ranar 20 ga wata aka dakatar da lasisinsa gaba ɗaya, bayan jami'ai sun bi takardun jinya, inda hukumar ta yi zargin cewa an cike waɗansu bayanai daga baya, har da ma'aunin zafin jikin majinyacin da a lokacin yana asibiti. A watan Oktoba aka shigar da tuhumar soke lasisin. Kowane mataki ya fi na bayansa nauyi, kuma kowanne ya jira hujjar da za ta iya ɗaukar sa. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi rushe dakatarwar.

Masu gidan ba su zo hannu rabbana ba. Sun nuna cewa sun yi ta kiran kamfanin wutar lantarki, sun kuma kira lambar wayar da gwamnan jihar na lokacin, Rick Scott, ya ba masu gidajen jinya, ba a zo an gyara ba sai bayan an yi asarar rayuka. Sun ƙara da cewa kwashe tsofaffi masu rauni shi ma haɗari ne. Wannan kariya ta jefa lauyan gwamnati cikin wani hali na musamman, domin gwamnatin da yake wakilta ita ma ana nuna ta da yatsa. Abin da ya rage masa shi ne ya tsare shari'ar a kan tambaya ɗaya: ko laifin wane ne rashin wuta, me gidan ya yi wa mutanen da ke hannunsa sa'ad da zafi ya tsananta, ga asibiti a tsallaken titi? An kawo shaidar injiniya cewa ƙananan na'urorin sanyin suna fitar da iskarsu mai zafi ne zuwa cikin silin maimakon waje, abin da ya ƙara dumama hawa na biyu, inda mafi yawan mamatan suke. A ƙarshen Nuwamba 2018 alƙaliyar harkokin mulki ta ba da shawarar a soke lasisin, a watan Janairu 2019 hukumar ta soke shi.

5.1 Dokar Janareta

A wani fagen kuwa gwamnati ta sha kaye. Kwana uku bayan mace-macen, ranar 16 ga Satumba, aka fitar da dokar gaggawa cewa kowane gidan jinya ya samar da janareta da man da zai riƙe sanyin gini na awa 96, cikin kwana 60. Ƙungiyoyin masu gidaje suka ƙalubalanci dokar, kuma a ƙarshen Oktoba wani alƙalin harkokin mulki ya ce ba ta inganta ba, saboda lokacin guguwa ya kusa wucewa, don haka ba a nuna haɗari na yanzu-yanzu ba, kuma kwana 60 ba za su isa a sayo janareta a sami izinin gini a kafa shi ba. Manufar dokar ba ta da aibi, hanyar da aka bi ce ta gaza. Sai da aka koma aka bi doguwar hanya ta sanarwa da jin ra'ayin jama'a da amincewar majalisa, gwamna ya sa hannu a watan Maris 2018. Dokar dindindin ta ce kada zafin wurin da aka tara majinyata ya wuce kimanin digiri 27 har tsawon awa 96. A ganina, wannan kaye yana nuna wani ɓangare na aikin da ya fi tsayawa gaban alƙali wuya, wato gaya wa gwamna a makon da jama'a ke cikin fushi cewa abin da yake so ba zai tsaya a kotu ba.

5.2 Lasisi da Laifi

A watan Agusta 2019 aka kama ma'aikatan gidan huɗu bisa tuhumar kisa ta hanyar sakaci. Wannan ba aikin lauyan hukuma ba ne, na mai gabatar da ƙara ne. A 2022 aka janye tuhumar da ake yi wa nas-nas uku, a watan Fabrairu 2023 kuma alƙali ya sallami shugaban gidan saboda hujjar ba ta kai ba. Babu saɓani tsakanin wannan da soke lasisin. Shari'ar lasisi tana tambayar ko gidan ya samar da muhalli mai aminci, ta laifi kuwa tana tambayar ko wani mutum takamaimai ya yi ganganci da ya kai a ɗaure shi, kuma ma'aunin hujjarta ya fi nauyi.

A nan akwai bambanci da dokar Nijeriya wanda ya kamata a ambata. Tun daga shari'ar Denloye ta 1968, wadda ta shafi kotun ladabtar da likitoci, har zuwa ta Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986, Kotun Ƙolin Nijeriya ta tafi a kan cewa idan zargin da ke gaban kwamiti ko hukuma ya kai matsayin laifin da dokar manyan laifuffuka ta tanada, kotu ce ke da hurumin tabbatar da shi. Saboda haka lauyan da ke ba hukuma irin HEFAMAA ta Jihar Legas shawara, wadda aka kafa a ƙarƙashin dokar gyaran fannin lafiya ta 2006, yana da dalilin tsara tuhumarsa a kan saɓa sharuɗɗan rajista, kamar rashin ƙwararren likita ko rashin kayan aiki, ya bar maganar kisa ga 'yan sanda da kotu.

6.0 Rufe Gida da Makomar Mazaunansa

A Hollywood Hills an riga an kwashe kowa kafin a dakatar da lasisi. A mafi yawan lokuta ba haka abin yake ba. Gidan da ake son rufewa cike yake da mutanen da suka shekara biyar ko goma a ɗaki ɗaya, sun saba da mai ba su abinci, 'ya'yansu na kusa. A shekarar 1977 gwamnati ta janye amincewarta daga wani gidan jinya a birnin Filadelfiya, sai waɗansu mazauna gidan suka kai ƙara suna cewa a saurare su tukuna, domin tayar da su zai iya cutar da su. A shari'ar O'Bannon ta 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba su da wannan haƙƙi a tsarin mulki: matakin a kan gidan aka ɗauka, abin da ya same su kuwa ya biyo baya ne a kaikaice, kuma doka ta ba su zaɓi ne tsakanin gidajen da suka cancanta kawai.

Hukuncin ya sauƙaƙa wa hukumomi aiki, amma bai kawar da matsalar ba. Tunda mazauna gida ba su da kujera a zaman shari'ar, babu mai auna halin da za su shiga sai hukumar da lauyanta. Wannan ne ya sa dokar Filorida, kamar ta jihohi da dama, ta ba hukumar damar roƙon kotu ta naɗa mai riƙon gida, wanda zai karɓi ragamar gudanarwa da asusun kuɗi, ya biya albashi, ya sayi magani da abinci, har a sami mai saye ko a sauya wa kowa wuri a tsanake. Neman mai riƙo yana buƙatar lauya ya san harkar bashi da haya da fatarar kamfani, domin sau da yawa mai ginin daban ne, mai lasisi daban, kamfanin da ke gudanarwa kuma daban, kowanne yana nuna ɗan'uwansa idan aka zo maganar biya.

7.0 Takardar Shaidar Buƙata da Fassarar Doka

Akwai wani reshe na aikin da babu majinyaci a cikinsa sam. A 1964 Jihar Niyok ta fara dokar da ta hana gina asibiti ko ƙara gadaje sai an sami takardar shaidar cewa yankin yana buƙata, bisa tunanin cewa gadon da aka girka sai an nemo mai kwanciya a kansa, kuɗin jinya kuma ya hau. Dokar tarayya ta 1974 ta tura sauran jihohi su bi sahu, aka kuma soke ta a 1986, aka bar kowace jiha da zaɓinta. A irin wannan shari'a manyan kamfanoni ne ke kokawa kan izini guda, kowanne da tawagar lauyoyi da masana ƙididdiga, lauyan gwamnati yana tsakiya yana kare zaɓin da hukumar ta yi. Filorida ta cire manyan asibitoci daga wannan tsari a 2019, amma ta bar gidajen jinyar tsofaffi a ciki.

A da, lauyan hukuma yana da wani makami a irin waɗannan shari'o'i: idan lafazin doka ya ɗauki ma'ana biyu, kotu takan jingina ga fassarar hukumar, a bisa cewa ita ce ta san fannin. A watan Nuwamba 2018 masu zaɓe a Filorida suka amince da gyaran tsarin mulkin jihar da ya hana alƙalai yin haka, a 2024 kuma Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Loper Bright, ta rushe irin wannan ƙa'ida ta tarayya wadda ta samo asali daga shari'ar Chevron ta 1984. Tun daga nan, idan aka yi gardama kan abin da ake nufi da isasshen ma'aikaci ko muhalli mai aminci, lauyan hukumar sai ya kawo nassin doka da shaidar likita ko injiniya ya gamsar da alƙali daga tushe, daidai da yadda lauyan cibiyar zai yi.